Malam Illo da Jirgin da Ke Riga Ƙararsa Isowa

In ka ga yayana Malam Illo zaune a bakin matakalar gininmu a La Courneuve, gefen Paris, da hularsa da carbinsa, sai ka rantse babu abin da ke ba shi tsoro a duniya. Dogo ne siriri, magana a hankali, tafiya a hankali. Ni ce Baraka ƙanwarsa, ni nake dafa masa tun da matarsa ta rasu, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba. Tsoronsa guda ne tak, kuma tsoron nan har suna gare shi, Tupolef.

Mu mutanen Injamena ne. Mun ga yaƙi har idonmu ya gaji. A unguwarmu akwai dokar da yaƙin ya koya mana, ba sarki ya kafa ta ba, ba malami ba. In aka fara ruwan wuta, ba a neman juna. Duk yaron da ke kusa da kai, naka ne ko na maƙwabci, ka saɓa shi a kafaɗa ka nufi kogin Shari, ka faɗa kwalekwale ka ƙetare Kusiri, ɓangaren Kamaru. In ka isa kada ka shiga gari. Ka zauna nan bakin ruwa har masu yaro su zo su same ka. Ba a neman izini, ba a barin sallahu, ba a waiwaye. Mun ga waɗanda suka koma gida don su faɗa wa wani inda za su, har yau ba su fito ba.

A shekarar tamanin da shida Illo yana yankan ciyawa a gefen filin jirgin sama. Wata safiya yana duƙe da laujensa, sai ya ga ƙasa ta miƙe tsaye a gabansa. Bai ji zuwan komai ba. Sai da ya faɗi rub da ciki, bakinsa cike da ƙasa, sannan ƙarar ta iso ta danne shi. Tupolef ɗin ke nan, jirgin yaƙin Libiya, ƙirar Rasha, ya ratso sahara ƙasa-ƙasa don kada a hango shi, ya cilla sama, ya zuba bamabamai a kan titin jirage ya juya. Tun daga ranar kunnen Illo na hagu ya mutu. A ranar ne kuma wata maƙwabciyarmu ta sunkuci 'yarsa Fadimatou tana jaririya ta ƙetare da ita, muka same su da la'asar a bakin ruwa. Babu wanda ya yi mata faɗa. Turmin zane ma aka saya mata.

Da muka zo Faransa, ka ji ikon Allah, mai gudun jirgi abincinsa ya faɗo a ƙarƙashin jirgi. Ya samu aikin goge ƙasa a gidan ajiye tsofaffin jirage na Le Bourget, nan kusa da mu. Na ce masa, "Yaya, duk faɗin Paris ka rasa inda za ka yi shara sai gindin dodonka?" Ya ce nasa dodon ba ya cikinsu, waɗannan na Faransa ne, kuma an cire musu haƙora. A can ya saba da wani tsoho mai suna Michel, makanikin jiragen soja da ya yi ritaya yake zuwa yi wa baƙi bayani. Illo ya dame shi da tambaya a kan Tupolef ashirin da biyu, shi kuma Michel dama neman mai saurare yake. Abin mamaki, yayana ba ƙarfin jirgin yake son ji ba. Aibinsa yake tarawa, ɗaya bayan ɗaya, ya kawo gida ya zube mini a kan tuwo.

"Baraka, kin san ashe maƙetacin nan makaho ne? Direbansa ba ya ganin gabansa sosai in zai sauka."

"To, Allah ya ƙara masa."

"Kuma da gudu yake sauka, gudun da ya fi ƙarfin hankali, shi ya sa ya cinye nasa mutanen da yawa. In ya yi saurin nan nasa jikinsa zafi yake ɗauka har ƙarafunan da ake juya shi da su su lanƙwashe. Ga shan mai. In ya buɗe wuta ba ya nisa. Wanda ya jefe mu ma an ce bai kai gida ba, a hanya ya faɗi."

Wanda ya fi ba shi dariya shi ne kujerar tsira. Sauran jirage in sun lalace sama suke cilla direba, lema ta buɗe. Wannan ƙasa yake harba shi. In abin ya faru kusa da ƙasa, to jirgin da kansa ya haƙa maka kabari. Kuma wai ruwan da ke sanyaya cikinsa giya ce tsagwaronta, sojojin suna ɗiba suna sha. Illo zai yi ta dariya har da hawaye yana cewa, "Jirgin mashaya! Shi ne ya hana ni barci!"

Na gane abin da yake yi. Ƙanƙanta abin yake don ya iya zama da shi a ɗaki ɗaya. Amma akwai magana ɗaya da ba ya yi wa dariya. In ya zo kanta sai ya ajiye cokali ya ce, "Duk wannan gaskiya ne. Sai dai yana riga ƙararsa isowa. Kura tana kuka kafin ta zo, hadari yana gargaɗi. Wannan in kin ji shi, ya riga ya gama abin da ya kawo shi." Shi ya sa kullum akwai wata baƙar jaka rataye a bayan ƙofarmu, da dabino da gorar ruwa da takardunsa da ɗan guzuri. Na yi mita har na gaji. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Fadimatou ta girma a nan, ta yi karatu, tana aiki a kantin magani. Ta auri Christophe, Bafaranshe mai kirki, ba zan ci haƙƙinsa ba, ko da yake komai nasa sai da tsari kamar likita. Suka haifi Najla. Jama'a, tun da aka haifi yarinyar nan yayana ya koma mutum. A nan ranar Laraba ƙananan yara ba su cika wuni a lakwal ba, wato makaranta, don haka Laraba ta zama ta Illo. Tun Talata yake goge takalmi. Ya je ya ɗauko ta da makullin gidansu da aka ba shi, ya kai ta lilo, ya saya mata abin da uwarta ta hana, ta hau wuyansa tana ja masa hula. Sauran kwanakin mako jiran Laraba kawai yake yi. Da ya bar aiki, ba don Larabar nan ba da tuni ya bi matarsa, wannan ni na sani.

Sai ranar nan ta ƙarshen watan tara, shekarar annoba, lokacin kowa na yawo da ƙyalle a hanci. Laraba ce. Na bar su a gida Najla tana yi masa kitso a gemu, na tafi kasuwar Goutte d'Or sayen busasshen kifi da kuɓewa. Ana gab da azahar ina cikin ciniki sai ji muka yi dummm! Gilasan kanti suka girgiza, tantabaru suka watse. Wata mata ta saki jakarta tana salati. Kowa ya yi cirko-cirko yana duban sama, don garin nan ya sha ganin masifa, ba wanda bai kawo mugun abu a ransa ba. Can sai masu duba salula, wato wayar hannu, suka fara cewa a kwantar da hankali, ba bam ba ne. Jirgin sojan Faransa ne aka tura da gaggawa ya duba wani jirgin fasinja da aka daina jin duriyarsa, ya yi gudun da ya wuce sauti. Na yi hamdala, har na yi dariya. Dariyar ba ta gama fita ba na tuna wanda na bari a gida. Illo!

Na kira salularsa, tana ta ƙara ba a ɗauka. Na bar kifin a nan na ruga. Ban san yadda na kai gida ba. Ƙofa a buɗe, salularsa a kan tebur, 'yar tsanar Najla a ƙasa. Na leƙa bayan ƙofa, ƙusa ce kawai, babu jaka.

Na kira Fadimatou da Christophe, suka iso a guje. Muka duba wurin lilo, masallaci, gidajen maƙwabta, ɗakin shara na ƙasa, ko'ina. Wani mai kanti ya ce ya ga tsoho da yarinya a kafaɗa ya nufi gar, tashar jirgin ƙasa, yana sauri kamar ba shi ba. Christophe ya ciro salula zai kira 'yan sanda, na riƙe masa hannu.

"Don Allah kada ka kira. Kakanta ne, ba ɓarawo ba."

Ya ce, "Tanti, 'yata shekararta huɗu. Tana hannun mutumin da yake ganin ana yaƙi. In ya tsallaka titi da ita a guje fa? In ya faɗi a wani wuri fa?"

Gaskiya ya faɗa. Amma ni abin da nake hangowa daban ne. Tsoho baƙi, rabin kurma, fuska a rufe, rungume da yarinya mai hasken fata yana gudu. In aka daka masa tsawa ta gefen hagu ba zai ji ba. In ya ga masu kaki sun nufo shi ba zai saki yarinyar ba, sai dai a karya masa hannu. Christophe ya kira su. Ni kuwa na zauna a kan matakala.

A zaunen nan ne abin ya faɗo mini. Wata shekara mun je garin Lyon wurin ƙanenmu Salifou, ya kai mu yawo bakin kogi. Illo ya tsaya ya daɗe yana kallon ruwan, ya ce, "In ta ɓaci a Paris, ga Kusirinmu." Muka yi masa dariya a lokacin. Na miƙe na ce, "Fadimatou, babanki ya ƙetare da ita."

"Gwaggo, ya ƙetare ina?"

"Lyon. Babban birnin ƙasa ake jefa wa bam, shi a ganinsa duk wanda ya zauna a Paris gawa ne."

Ta ce ai ya ga mutane suna harkarsu, ya ga jirgin ƙasa yana tafiya. Na ce a Injamena ma haka mutane suke tsayawa suna kallon sama, kuma ba a tsayawa tambayar mai kallon sama. Ta fashe da kuka ta ce wane irin hauka ne mutum ya ɗauki 'yar mutane bai faɗa wa kowa ba. Raina ya ɓaci, na ce, "Haukan nan ne ya ƙetarar da ke kina cikin tsumma." Ban kyauta ba, uwa ce da 'yarta ta ɓace, amma bakina ya riga ni.

Muka kira Salifou, ya ce bai ga kowa ba. Muka shiga jirgin ƙasa mu uku. Ana cewa jirgin nan yana da gudu, ni dai ranar jaki na gani. Fadimatou ta ƙura wa salula ido, Christophe yana ta kai da kawo tsakanin kujeru. Duk lokacin da muka kira Salifou amsa ɗaya ce, bai zo ba. Ina tunanin hawan jininsa da maganin da ya bari a gida. Ina tunanin in ya yanke jiki ya faɗi a bakin ruwa, yarinya ƙarama ita kaɗai, ga kogi a gabanta. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Na ja carbi har yatsuna suka yi zafi, ban san me nake karantawa ba.

Salifou ya tarye mu a gar ya ce ya bar matarsa a gida ko za su ɓullo. Na ce, "Ba za su je gidanka ba. Ka manta? Ba a shiga gari." Ya dafe kai ya ce, "Innalillahi. Yaya Baraka, ai kogi biyu ne a garin nan, gadoji kuwa ba iyaka." Tirƙashi. Muka rabu, shi da Christophe suka bi ɗaya, ni da Fadimatou muka bi wanda ya fi kusa da gar, muka haye gada zuwa ɗaya gefen, don na san ba zai zauna ba sai ya ga ruwa tsakaninsa da inda ya fito.

Rana ta yi sanyi, iska tana tasowa daga kogin. Muna tafe muna leƙa kowane benci, kowane lungu. Fadimatou tana ƙwala kiran Najla har muryarta ta dushe, masu gudun motsa jiki suna kauce mana. Ruwan nan mai ƙarfi ne, yana tafiya baƙi ƙirin, ni kuwa na hana idona kallonsa. Sau ɗaya na ga wani abu ja yana yawo a kai, na ƙwalla ƙara, ashe leda ce.

Gab da magariba muka gan shi a ƙarƙashin wata gada, inda babu sama a kansa. Ya jingina da bango, ya cire kwat ɗinsa ya naɗe yarinyar a ciki, shi yana zaune da 'yar shara yana rawar sanyi. Najla tana barci a cinyarsa, bakinta duk danƙon dabino. Fadimatou ta faɗa kansu ta fizge ta tana shafa ta ko'ina, tana kuka tana sumbatarta. Lafiyarta ƙalau, ko ƙwarzane babu.

Illo ya ɗago ya dube mu. Fuskarsa ta yi haske, ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdu lillahi, kun fito." Sannan ya kama bakin zanena ya rage murya don kada yarinyar ta ji. "Baraka, su wa suka rage? Christophe fa? Gininmu yana tsaye?"

Na durƙusa ta gefen kunnensa mai ji na ce, "Yaya, ba a jefa komai ba. Jirgin Faransa ne ya wuce da gudu. Ko gilashi bai fashe a gidanmu ba."

"Amma na ji shi."

"Kowa ya ji shi. Ƙara ce kawai."

Ya dube ni, ya dubi 'yarsa da ke durƙushe tana kuka, ya dubi mutanen da ke wucewa da karnukansu. Na ga lokacin da maganar ta shige shi. Wallahi da na san haka fuskarsa za ta koma, da na bar wani ya faɗa masa. Ya nemi tashi ya kasa, sai da na kama shi.

Christophe ya sanar da 'yan sanda an gan su, aka yi 'yan tambayoyi aka rufe maganar. Muka taru a falon Salifou, aka kawo shayi babu mai sha. Najla tana kan kujera tana cin biskit, ita dai ta sha yawo. Na zaci Christophe zai yi faɗa, har na shirya masa amsa. Sai ya jawo kujera ya zauna gaban surukinsa, idonsa jawur.

"Papa, na gane don ka cece ta ka yi. Ba na son in raba ku. Abu ɗaya nake roƙo. Ka yi mini alkawari in ka sake jin irin wannan ƙara, za ka tsaya ka kira mu kafin ka motsa. In ka yi, Laraba tana nan yadda take."

Na ji sanyi a raina. Na zunguri Illo na ce da Hausa, "Ka ce to mana! Kalma ɗaya ce." Fadimatou ma ta matso ta ce, "Baba, don Allah ka ce to."

Illo ya ce, "Fadimatou, faɗa wa mijinki da kyau, kada faransancina ya rage wani abu. Na san ba yaƙi ake ba. Yanzu da nake zaune na sani. Amma ɗazu ba ni na yanke shawara ba, sai a cikin jirgin ƙasa na ga ashe ina riƙe da ita. In na ce to, ƙarya na yi muku. In na sake jin sa zan ɗauke ta, kuma ba zan kira kowa ba."

Na ce, "Yaya, kana hauka ne? Ka san abin da kake yarwa?"

"Na sani, Baraka. Yau da na faɗi a bakin ruwan nan fa?"

Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin gidan Fadimatou. Zoben ya ƙi fita daga cikin sauran makullai, ya yi ta fama da shi da farce, babu wanda ya iya taimaka masa. Da ya fita ya ajiye a kan tebur ya tura gaban Christophe. Christophe bai taɓa shi ba, kuma bai mayar masa ba.

Najla ta sauko daga kujera ta zo ta dafa gwiwarsa.

"Kaka, Laraba mai zuwa ina za mu?"

Ya shafa kanta, ya gyara mata kitson da ya warware.

"Laraba mai zuwa kina wurin mamanki."

"Kai fa?"

"Ni ina gida," in ji shi.